Idan Idon Tsoho Ya Yi Rawaya

'Ya'yana, samari da 'yan matan Kamba, da na Dole Kaina, da ku na can ƙasar Bagudo, Lolo da Illo da Tsamiya, ku matso in ɗora muku wani aiki. Ba na ƙarfi ba ne, na lura ne. Ku ne kuke kai wa tsofaffin gida akushi kuna ɗauko shi, don haka ku kuka san ranar da tuwo ya dawo ba a taɓa ba. Ku kuke goya Baba a babur zuwa masallacin Juma'a, ku kuke riƙe da waya, ku kuka iya karanta takardar likita. Shi kuwa dattijon ƙasar nan, kun san halinsa. Ko ciwo na cin sa, in ka ce "Baba, yaya jiki?" amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." In ka matsa, ya ce jiki da jini ne, ko kuma tsufa ne ya zo. Inna ma haka, har ta fi shi iya ɓoyewa.

Ciwon da zan yi muku magana a kai shi ne dajin wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Gaɓa ce siririya, tsawonta wajen santimita 15, tana kwance a gicciye bayan tumbi, can kusa da ƙashin baya. Aiki biyu take yi. Tana zuba wa hanji ruwan da ke narkar da abinci, musamman mai da nama, kuma ita ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Saboda zurfin inda take, ƙari na iya girma a jikinta wata da watanni, hannu bai taɓa shi ba, ido bai gan shi ba. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta shekarar 2022 ta nuna mutum sama da 500,000 ne suka kamu da shi a shekarar, fiye da 460,000 kuma suka rasu. Ku dubi kusancin lambobin nan biyu. Ko a Amurka, inda na'ura ba ta yi ƙaranci ba, kusan mutum 13 cikin 100 ne ke kai shekara biyar bayan an gano shi, kuma bai fi mutum ɗaya cikin biyar ba ake samu da wurin da za a iya yi masa tiyatar cire ƙarin. Sauran duk sun zo a makare.

Ban kawo muku wannan don in tsorata ku ba. Ciwon ba shi da yawa kamar zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini, kuma galibi na manya ne, waɗanda suka haura 60, ba kasafai yake taɓa ɗan ƙasa da 40 ba. Abin da ke damuna shi ne kowace alama tasa tana da tsohon suna a bakinmu, kuma kowane suna yana da maganinsa a kasuwa. Da an ce shawara ce, an san saiwar da za a jiƙa. Da an ce olsa ce, an san farin ruwan da za a saya a kemis. A haka ake cinye watannin da suka fi kowane lokaci tsada.

Bari in fara da shawara, don ita ce babba. Hanta na yin wani ruwa mai ɗaci, ta tara shi a maɗaciya, daga nan ya bi wata siririyar hanya ya zuba cikin hanji. Wannan hanya ta ratsa ta cikin kan fankiriyas, kuma yawancin dajin gaɓar a kan nata yake tsirowa. Ku da kuke noman shinkafar rani a fadama kun san abin da ke faruwa in ƙasa ta zube ta toshe lambatu: gonar da ke gaba ta bushe, ruwa ya koma baya ya malale inda ba a so. To haka ne. Ruwan ɗacin ya kasa isa hanji, sai ya koma cikin jini. Daga nan farin ido ya rine ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar an dafa ganyen shayi, bayan gida kuma ya kwashe launinsa ya koma fari-fari ko toka-toka, tunda abin da ke rina shi bai iso ba. Sai ƙaiƙayi. Mutum ya yi ta susa dare da rana, har ya ji wa fatarsa ciwo, alhali babu ƙurji ko ɗaya. Da yawa sukan ɗora laifin a kan sabulu, ko ruwan gulbi, ko ƙaiƙayin buntun shinkafa.

Shawara iri-iri ce, kuma mu mutanen bakin iyaka mun san wasu daga ciki. Akwai ta zazzaɓin da ake yi wa allura a ba ka katin da jami'ai ke tambaya in za ka ƙetare. Akwai ta ciwon hanta, wadda ta yi yawa a ƙasar nan. Akwai ta masu sikila, akwai wadda zazzaɓi mai tsanani ke kawowa, akwai ta tsakuwar maɗaciya wadda takan zo da murɗar ciki mai sa mutum birgima. Waɗannan galibi da hayaniya suke zuwa, da zafin jiki ko amai ko ciwo. Wadda nake so ku ji tsoro ita ce mai zuwa shiru. Dattijo yana zaune lafiya, babu zazzaɓi, babu ciwon kirki, amma idonsa kullum ƙara rawaya yake, jikinsa kullum ƙara zubewa yake. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar gida, a ce ai da wani abu ne da ya kwanta. A Ingila, ƙa'idar likitocinsu ita ce duk wanda ya kai shekara 40 ya zo da shawara, a tura shi binciken daji cikin gaggawa. Ku riƙe wannan ƙa'ida a gidajenku, ba ta buƙatar kuɗin jirgi.

Duban idon ma da dabara. A baƙar fata ba a cika ganin rawaya a jiki ba, sai a ido da ƙarƙashin harshe da tafin hannu. Idon tsoho kuma dama yakan yi duhu-duhu saboda rana da ƙura da hayaƙin murhu, shi ya sa ake kuskure. Ku fito da shi hasken rana, ba na tocila ko ƙwan lantarki ba, ku ce ya dubi ƙasa, ku ɗaga fatar idon ta sama a hankali ku ga farin da ke ɓoye. In can ma ya rine, ba ƙura ba ce.

Na san inda gizo ke saƙa. Wane ɗa ne zai tsaya gaban mahaifinsa ya tambaye shi launin bayan gidansa? Kunya ba za ta bari ba, kuma ban ce ku yar da ita ba. Amma kunya tana da ƙofofi. Jika yana faɗa wa kaka abin da ɗa ba zai iya ba, da sunan wasa. Abokin wasa na iya tambaya a yi dariya, amsa kuma ta fito. Matar gida ta san abin da kowa bai sani ba, in 'yarta ta tambaye ta a ɗaki za ta faɗa. Ke kuma da kike wanke wa tsohuwa fo, kin riga kowa gani. Abin lura shi ne bayan gida mai haske, mai maiƙo, mai wari fiye da kima, wanda ke tasowa saman ruwa yana wuyar korewa. Wannan na nuna man da aka ci ya wuce bai narke ba, don ruwan narkarwar bai isa hanji ba. Kada a ce basir ne a wuce wurin. Kalmar basir ta haɗiye cututtuka da yawa a ƙasar Hausa.

Sai ciwon ciki. Shi yakan zauna a saman ciki, ƙasan ƙirji, ba mai suka ba ne, mai nuƙurƙusa ne, sannan ya ratsa ya fito ta tsakiyar baya. Yakan tsananta bayan an ci abinci, ya tsananta in an kwanta rigingine, ya lafa in mutum ya zauna ya sunkuya gaba. Don haka in kun ga Baba ya daina kwana a shimfiɗarsa, kun fito da dare kun same shi zaune ya rungume gwiwa ko ya kifa ƙirji a kan filo, kada ku ce zafi ne ya hana shi barci. Manomi da masunci dama ba sa rabuwa da ciwon baya, shi ya sa ake cewa gajiyar gona ce ko ta tuƙin kwalekwale. Bambancin shi ne ciwon gajiya yana sauƙi in an huta, wannan kuwa kwanciyar ce ke tayar da shi. Haka wanda bai taɓa sanin olsa ba tun yana saurayi, sai da ya haura hamsin aka ce ta kama shi, ya sha magani mako biyu, uku, huɗu babu canji, to lokacin sake tambaya ya yi. Mai kemis ɗan'uwanmu ne, yana taimako, amma ba shi da na'urar da ke leƙa bayan tumbi.

Rama kuwa a tufafi ake fara ganinta. Zariyar wando ta ƙara tsawo, zobe ya fara zamewa, hula ta faɗo har kunne, agogo ya riƙa yawo a hannu, zanen Inna ya ƙara zagaye. Wanda kuke gani kullum ba kwa saurin gane ya rame, sai baƙo ya zo daga Gaya ko Yawuri ya ce "Kai, me ya sami Malam?" Ku ɗauki maganar baƙon da muhimmanci. Sikeli bai yi wuya ba a garin da ake auna hatsi. Mutum mai kilo 60 da ya zubar da 3 ko fiye cikin 'yan watanni, ba azumi ba, ba yunwa ba, ba da niyya ba, yana buƙatar likita ko da babu wata alama. In an haɗa da ƙin abinci, ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi, ko warin nama da mai ya riƙa tayar masa da zuciya, to maganar ta ƙara nauyi.

Akwai wata alama da ko masu ilimi kan wuce ta, wato ciwon suga da ya faɗo wa mutum da rana tsaka. Wanda ya haura 50, ba mai ƙiba ba, babu mai suga a danginsu, sai ga ƙishirwa da yawan fitsari, aka auna aka ce suga ne, kuma yana ta ramewa. Ko wanda ya daɗe da sugansa yana zaune lafiya da ƙwayarsa, sai kwatsam ya ƙi saituwa ba tare da ya canza cimarsa ba. Tunda gaɓar da ke yin insulin ce ta kamu, wani lokaci suga ne ɗan aiken farko, tun kafin ido ya rine. Kada wannan ya hana masu suga barci: cikin mutum 100 da suga ya kama bayan shekara 50, kusan ɗaya ne kawai ake samu da wannan daji cikin shekara uku da suka biyo. Amma ɗayan nan ma uban wani ne. In suga sabo ya haɗu da rama da ciwon saman ciki, ku faɗa wa likita dukkansu a zama ɗaya. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi ba tare da rauni ba, don ciwon na sa jini ya daskare a jijiya.

Na ce a zama ɗaya, kuma da gangan na faɗa. Abin da ke ɓatar da mu shi ne rarraba ciwo. A kai ƙaiƙayi wurin mai maganin fata, a kai ciwon baya wurin maɗori, a kai suga kemis, a kai shawara wurin mai saiwa. Kowa ya ga guntu, babu wanda ya ga mutum. Mu kuma nan muna da ƙarin namu. Yau an je asibiti a Kamba, jibi an ƙetara Gaya, wani makon an ji labarin wani likita a Malanbil an tafi. Ko'ina a buɗe sabon kati, a fara daga farko, takardun can da Faransanci, na nan da Ingilishi, a bar su a aljihu har wanki ya cinye. Kai ɗan makaranta, ka sayi littafin rubutu guda. Ka rubuta ranar da aka fara ganin kowace alama, da nauyinsa, da sunan duk maganin da ya sha har da na gargajiya. Ka ɗauki hoton kowace takarda da wayarka. Likitan da ke da layin mutum hamsin a ƙofa zai gode maka, kuma zai fi saurin gane inda aka dosa.

A babban asibitin Kamba ko na kusa da ku za a fara: gwajin jini na aikin hanta, gwajin ciwon hanta, awon suga, da hoton ciki na sikanin. A je sikanin da yunwa, awa shida zuwa takwas ba a ci komai ba, don maɗaciya ta fito sosai. Ku sani sikanin na iya kasa ganin fankiriyas ɗin kanta saboda iskar hanji na rufe ta, amma yana nuna ko hanyar ruwan ɗaci ta toshe ta kumbura. Saboda haka in an ce ba a ga komai ba alhali ido na nan da rawaya, ba a gama ba. Ku roƙi takardar turawa gaba, ku kama hanyar Bunza da Kalgo zuwa Birnin Kabi, asibitin Gwamnatin Tarayya ko na Sir Yahaya, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Hoton da ke raba gardama shi ne wanda ake kira siti-sikan. Tambaya ɗaya nake so ku iya yi cikin ladabi: "Likita, shawarar nan ta hanta ce ko ta toshewa?" In ta toshewa ce, babu jiƙon da zai buɗe ta. In kuma zazzaɓi da rawar sanyi suka hau kan shawarar, wannan ba ya jiran wayewar gari, a daren za a tafi.

Ban raina saiwar rawaya ba, da ita aka rene mu, kuma ban hana addu'a ba, wa ya isa? A yi sauka, a yi sadaka, a tofa, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Jiƙe-jiƙe a kan hantar da ta riga ta cushe ƙarin kaya ne. Abin da na fi ƙi shi ne a ce sammu ne ko jifa, don wannan bayan cinye lokaci har zumunci yake ci, a bar mara lafiya a koma zargin kishiya ko abokin gabar gona. Jinkiri kuma ba halin talaka kaɗai ba ne. Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, an gano masa ƙari a wannan gaɓa a 2003, kuma irin nasa ma mai sauƙi ne a kan wanda aka fi sani. Ya shafe wata tara yana gwada tsarin cima da wasu dabaru kafin ya yarda aka yi masa tiyata a 2004. Ya rasu a 2011. Ku masu kallon ƙwallo kun san Gianluca Vialli na Chelsea, wanda ya rasu da wannan ciwo a Janairun 2023 yana da shekara 58, da Sven-Göran Eriksson, wanda ya horar da Ingila ya kuma jagoranci Kwaddibuwa a gasar cin kofin duniya ta 2010. Shi Eriksson, da aka gano nasa ya riga ya wuce tiyata, ya rasu a Agustan 2024.

Wanda aka samu da wuri, akwai babbar tiyata da ake yi, mai ɗauke da sunan Allen Whipple, likitan Amurka da ya bayyana ta a 1935. Ana cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da maɗaciya, a sake haɗa hanyoyin, sannan a bi da maganin daji na ƙarin ruwa. Aiki ne mai nauyi da tsada, sai manyan asibitocin koyarwa. Tiyata ce kaɗai hanyar da ke ba da fatan warkewa, kuma ƙofarta ba ta daɗewa a buɗe. Kuɗi kuwa, ku fara maganarsu tun ranar farko, a tara dangi a yi karo-karo, don na ga gidajen da suka sayar da shanu a wajen masu magani, da aka zo wurin hoton da ya kamata a fara da shi babu ko sisi. Jiharmu ba baƙuwar maganar daji ba ce. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, mai gidauniyar Medicaid, ta daɗe tana wayar da kai a kanta, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Mata sun fara sabawa da gwajin nono da na bakin mahaifa. Shi wannan dai babu wani gwajin da ake yi wa jama'a masu lafiya don a kamo shi, shi ya sa nake ta nanata idonku.

Ku ma akwai rabonku a ciki, ko da yake da sauran shekaru. Taba sigari tana ninka haɗarin wannan ciwo kusan sau biyu, kuma kun fi ni sanin arharta a bakin iyaka. Shisha da kuke cewa ƙamshi ce kawai, taba ce. Giya na kumbura gaɓar, kumburin da ya daɗe kuma yana share wa daji fage. Ƙiba mai yawa ma haka. Wanda ya daina taba, haɗarinsa yana raguwa da shekaru. Kusan ɗaya cikin goma na masu ciwon yana da nasaba da gado, don haka in mutum biyu na jini ɗaya sun yi shi a gidanku, ko dajin nono da na ƙwan mace yana yawan zagayowa a dangi, ku faɗa wa likita ko bai tambaya ba.

In kuma Allah ya ƙaddara an je an ce ya wuce tiyata, kada ku naɗe tabarma ku ce a koma gida kawai. Akwai sauran aiki. Ana iya sa ɗan bututu ko a yi ƙaramar tiyata a kewaye toshewar, ido ya washe, ƙaiƙayin nan mai hana barci ya tafi. Akwai ƙwayar da ke maye gurbin ruwan narkar da abinci, a ci a amfana. Akwai maganin ciwo mai ƙarfi, mofin, wanda likita ke rubutawa. Ku tambaya, kada tsoron a ce zai saba ya sa ku bar tsoho yana kwana a zaune. Ku daina dura masa tuwo, ku ba shi kunu ko fura ko romon kifi kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Sannan kada ku haɗa baki da likita a ɓoye masa. Mun saba a ja babban ɗa gefe a yi masa raɗa, a dawo a ce wa mara lafiya "an ce da sauƙi." Mutumin da ya aurar da ku, ya san bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya san iyakar gonarsa da amanar da aka ba shi ajiya, yana da wasiyyar da zai bari da mutanen da yake son ya nemi gafararsu. Wani zai ce ba ya son ji, ku yi magana da yarana, wannan zaɓinsa ne, a bi. Amma in ya tambaya, ku shiga da shi ɗakin likita, ku bar shi ya yi tambayar da bakinsa, ku kuma mayar masa da amsar yadda aka faɗe ta, da Hausa ne ko Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci.